Darasi na Tara: Kwamfutar Nutso da Iyakar Saninta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da matsin ruwa yake yi wa jikin mai nutso;
2. bambanta abin da kwamfutar nutso take aunawa da abin da take kintata;
3. kawo matsaloli aƙalla biyar da ke tattare da dogaro da ita a nutso mai zurfi;
4. lissafa matsi da yawan iskar da ake shaƙa a wani zurfi.

Gabatarwa

Idan aka cire masu aikin kamfani da na soja, masu shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya iri biyu ne. Na farko masu nutson shaƙatawa. Su ba sa wuce zurfin mita 40, kuma suna tsara nutsonsu yadda duk sa'ad da wani abu ya taso za su iya haurowa kai tsaye. Na biyu masu nutson fasaha, waɗanda ke ƙetare wannan iyaka. Su ne ke kutsawa cikin kogwannin da ruwa ya cika, irin na Wakulla a jihar Fulorida ta Amurka. Su ne ke leƙa cikin jiragen da suka nutse. Su ne kuma ke sauka kimanin mita 55 don ratsa ƙofar dutsen da ke wani rami a Dahab, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Masar, ramin da ya ci rayukan masu nutso da dama.

Mai nutson fasaha ba shi da damar tserewa sama idan ya ga ba daɗi. Ko dai akwai dutse ko ƙarfe a bisa kansa, ko kuma jikinsa ya ɗauki iskar da dole ya tsaya ya fitar da ita sannu a hankali kafin ya fito. A yau kusan kowannensu yana ɗaure da kwamfuta a tsintsiyar hannu, tana nuna masa zurfi da lokaci da wuraren da zai tsaya. Ba wanda ke musun amfaninta. Wannan darasi zai duba inda saninta ya tsaya, domin daga nan ne haɗari yake farawa.

Abin da zurfi yake yi wa jiki

Iskar da ke kewaye da mu tana danna jikinmu da wani nauyi da ba ma ji saboda sabo. Mu kira wannan matsi na bakin teku ninki 1. Duk mita 10 da mutum ya sauka a ruwan teku, sai a ƙara ninki ɗaya. A mita 10 ninki 2 ne, a mita 30 ninki 4, a mita 60 ninki 7. Na'urar numfashi tana ba mai nutso iska daidai da matsin da yake ciki, saboda haka numfashi ɗaya a mita 60 yana cin iskar numfashi bakwai na kan tudu.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kimanin kashi 78 kuma naitirojin. Jiki yana aiki da oksijin, amma ba ya yin komai da naitirojin. A ƙarƙashin matsi sai naitirojin ya riƙa narkewa cikin jini da tsoka da kitse. Idan mutum ya hauro a hankali, huhu zai fitar da shi lami lafiya. Idan ya yi gaggawa, sai ya zama kumfa a cikin jini da gaɓoɓi. Wannan shi ne ciwon kumfa. Yakan fara da ciwon gaɓa, ko ƙaiƙayin fata, ko muguwar kasala, yakan kuma kai ga shanyewar jiki ko mutuwa idan ya taɓa laka ko ƙwaƙwalwa. Don guje masa ne mai nutso yake tsayawa a zurfafa daban-daban yayin haurowa. Kowace tsayuwa za mu kira ta zango.

An ga misalin wannan a tekun Najeriya a watan Mayun 2013, lokacin da jirgin jan jiragen ruwa mai suna Jascon 4 ya kife ya nutse zuwa kimanin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu ceto suka iske shi, ba su fito da shi sarari kai tsaye ba, domin jikinsa ya cika da naitirojin. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin matsi ana sassauta masa matsin kaɗan-kaɗan.

Akwai wasu haɗura biyu. Daga wajen mita 30 naitirojin yakan fara sa maye, tunani ya yi nauyi. Oksijin kuma yakan zama guba idan matsinsa ya yi yawa, ya jawo farfaɗiya, wadda a cikin ruwa ƙarshenta nutsewa ce. Ana samun ƙarfin oksijin ta hanyar ninka kasonsa da matsi. Iska mai oksijin kashi 50 a mita 40 ita ce 0.5 sau 5, wato 2.5. Masu nutso ba sa yarda ya wuce 1.4 a ƙasa, ko 1.6 a lokacin zango. Shi ya sa mai nutson fasaha yake ɗaukar tukwane da yawa: ɗaya mai gaurayen oksijin da naitirojin da hiliyom don zurfi, wata mai oksijin kashi 50 da ake komawa kanta a mita 21, wata kuma oksijin zalla da ba a taɓa ta sai a mita 6.

Daga jadawali zuwa kwamfuta

A 1908 wani masani ɗan Sikotlan, John Scott Haldane, ya fitar wa rundunar ruwan Birtaniya jadawalin zango na farko, bayan gwaje-gwajen da shi da abokan aikinsa suka yi da awaki a ɗakin matsi. Ya kasa jiki gida biyar a lissafinsa, wasu na saurin ɗaukar naitirojin, wasu na jinkiri. Daga baya likita Albert Bühlmann na birnin Zurik a Suwizalan ya faɗaɗa tsarin zuwa gida 16, kuma lissafinsa mai suna ZH-L16 shi ne ke cikin yawancin kwamfutocin nutson fasaha a yau. Kwamfutocin lantarki sun fara karɓuwa a kasuwa a 1983, da fitowar Orca Edge a Amurka.

Jadawali yana ɗauka cewa mai nutso ya zauna a mafi zurfin wuri tun daga farko har ƙarshe. Kwamfuta kuwa tana bin hawa da saukarsa tana sake lissafi a kowane ɗan lokaci. Nan fifikonta yake. Sai dai abu biyu kacal take aunawa da kanta don lissafin zango: matsi da lokaci. Sauran duka, ko dai mai ita ne ya faɗa mata, ko kuma tsarin lissafinta ne ya kintata. Duk matsalolin da ke tafe daga wannan tushe suka fito.

Matsala ta farko: ba ta san jikin mai ita ba

Gidaje 16 na Bühlmann ba sassan jiki ba ne da likita zai iya nunawa. Lambobi ne da aka daidaita da sakamakon gwaji a kan wasu mutane. Kamar rigar kanti ce da aka ɗinka da awon jama'a: takan zauna wa da yawa, amma ba tela ne ya auna kafaɗarka ba. Kwamfuta ba ta san ko mai ita ya kwana da zazzaɓi ba, ko ruwan jikinsa ya ragu, ko ya sha wahalar ninƙaya da igiyar ruwa a ƙasa, alhali aiki mai ƙarfi a zurfi yana ƙara yawan naitirojin da jiki ke ɗauka.

Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana da wata 'yar kafa tsakanin ɗakunan zuciyarsa na sama, wadda ba ta rufe ba bayan haihuwa. Ba ta damun mutum a rayuwar yau da kullum, amma tana iya barin kumfa ta tsallake huhu ta nufi ƙwaƙwalwa. Sanyi ma yana da tasiri. Cibiyar gwajin nutso ta rundunar ruwan Amurka ta nuna a 2007 cewa waɗanda suka ji ɗumi a ƙasa sannan suka ji sanyi a lokacin zango sun fi kamuwa da ciwon kumfa nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta su da waɗanda suka ji sanyi a ƙasa suka ji ɗumi a zango. Kwamfuta takan nuna zafin ruwa, amma ba ta san yadda jini ke gudana a fatar mai ita ba. Saboda haka ana samun wanda ya bi umarninta daki-daki, ya fito kuma ya kamu.

Matsala ta biyu: abin da aka faɗa mata shi take ɗauka

Kwamfuta ba ta ganin bututun da ke bakin mai nutso. Idan ya isa mita 21 ya koma kan iska mai oksijin kashi 50 bai danna mata ba, za ta ci gaba da lissafi da iskar ƙasa, ta tsawaita masa zango har iskarsa ta nemi ƙarewa. Idan kuwa ya danna mata cewa ya sauya alhali bai sauya ba, za ta gajarta zango ta sallame shi da naitirojin maƙil a jiki. Mafi muni, idan ya ɗauki bututun oksijin zalla a mita 30 bisa kuskure, ƙarfin oksijin ya kai 4, amma kwamfutar ba za ta ce uffan ba, domin a saninta yana kan iskar da ta dace.

Haka abin yake tun kafin shiga ruwa. Wanda bai auna abin da ke cikin tukunyarsa ba, ko ya bar lambobin nutson jiya a ciki, ya ba ta ƙarya, ita kuma za ta gina masa lissafi mai tsabta a kan ƙaryar. Hatta zaɓin ruwan gishiri ko ruwan daɗi yana canza zurfin da take nunawa da kimanin kashi 3 cikin 100.

Matsala ta uku: bakin kwamfutoci bai zo ɗaya ba

Mutum biyu za su yi nutso ɗaya kafaɗa da kafaɗa, kwamfutar wannan ta sallame shi, ta wancan ta ce saura mintoci masu yawa. Dalili shi ne ba tsarin lissafi ɗaya suke bi ba. Ban da na Bühlmann akwai tsare-tsaren da suka fi mai da hankali kan girman kumfa, irin su VPM da RGBM, waɗanda ke sa a fara zango tun a wuri mai zurfi. Wasu kamfanoni kuma ba sa bayyana cikakken lissafinsu, don haka mai nutso ba zai iya sanin tun a tudu abin da kwamfutarsa za ta ce a ƙasa ba.

A wajen shekarar 2000 masu nutson fasaha da yawa sun rungumi fara zango da zurfi. A 2011 cibiyar nan ta rundunar ruwan Amurka ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a zurfin kimanin mita 52 na minti 30. Rukuni biyu sun ɗauki jimlar lokacin zango iri ɗaya, amma waɗanda aka karkatar da lokacinsu zuwa zango mai zurfi sun kamu da ciwon kumfa kimanin ninki uku na ɗaya rukunin. Bayanin shi ne yayin da ake tsaye a zurfi, sassan jiki masu jinkiri suna ci gaba da ɗaukar naitirojin. Kenan abin da ke cikin kwamfuta ra'ayin masana ne na wani zamani, kuma bincike yana iya sauya shi.

Ko masu bin Bühlmann suna da lambobi biyu na saiti, hanyar da injiniya Erik Baker ya yaɗa, misali 30/70 ko 50/80. Lambar farko tana tsayar da zurfin zangon farko, ta biyu tana tsayar da yawan iskar da za a fito da ita a jiki. Wanda ya kwafi lambobin wani bai san ma'anarsu ba ya zaɓi girman haɗarinsa ido a rufe.

Matsala ta huɗu: na'ura ce, tana lalacewa

Batir yana saurin mutuwa a ruwan sanyi. Zoben robar da ke hana ruwa shiga yana tsufa. Gishiri ko yashi yana toshe kafar ma'aunin matsi. Kwamfutar da ta mutu ɗungum ta fi sauƙi, domin an ga ta mutu. Wadda ta fi haɗari ita ce mai nuna mita 48 alhali ana mita 54, tana kuma lissafin zango da lambar ƙarya.

Manhaja ma tana zuwa da kuskure. A 2003 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye kwamfutocin Aladin Air X Nitrox na kamfanin Uwatec da aka ƙera a 1995. Sukan yi lissafi kamar mai su yana ci gaba da shaƙar iska mai yawan oksijin ko bayan ya fito tudu yana hutawa, sai su ɗauka naitirojin ya fita daga jikinsa fiye da gaskiya, su ba shi lokaci fiye da kima a nutso na gaba.

Masu amfani da na'urar maimaita numfashi, wadda ke tace iskar da aka fitar ta ƙara mata oksijin, suna da ƙarin damuwa. Yawanci ma'aunin oksijin uku ne a cikinta, kwamfuta na bin biyun da suka yi daidai da juna. Idan biyun sun tsufa tare suka kasa nuna oksijin mai yawa, sai a yi watsi da na ukun mai gaskiya, na'ura ta yi ta ƙara oksijin har ya kai ga guba.

Wasu kwamfutocin da aka ƙera don masu shaƙatawa kuma sukan kulle kansu na awa 24 ko 48 idan an tsallake zango, su daina ba da lissafi. An yi haka ne don a hana mutum komawa ruwa, amma ga wanda har yanzu yake ƙasa da bashin zango a kansa, sun yashe shi a daidai lokacin da ya fi bukatarsu.

Matsala ta biyar: ba ta tsara iska

Kwamfuta za ta ce saura minti 45 na zango. Ko akwai iskar da za ta kai minti 45 ɗin, wannan lissafin mai nutso ne. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti ɗaya a tudu zai shaƙi lita 140 a mita 60. Tukunya mai ɗaukar lita 2,400 ba za ta wuce masa minti 17 ba a can, in kuma tsoro ya kama shi numfashinsa zai ninka. Wasu kwamfutocin suna karɓar saƙon yawan iskar da ta rage a tukunya, amma ba za su yi tanadin abokin tafiyar da iskarsa ta ƙare ba, ko tukunyar zango da ta yi yoyo. Masu nutson kogo suna bin ƙa'idar kashi uku, wadda ɗaya daga cikinsu, Sheck Exley, ya taimaka wajen kafawa: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. A tudu ake yin wannan lissafi, da takarda da fensir.

Matsala ta shida: tana sa sakaci

Wannan ita ce ta fi wuyar gani. Zamanin jadawali dole mutum ya zauna ya rubuta zurfinsa da mintocinsa da zangonsa kafin ya taɓa ruwa, har su zauna masa a ka. Kwamfuta ta sa ana iya faɗawa ruwa ba shiri, a bi lambobi kawai. Mai yin haka ba ya gane lambar da ba ta yi kama da gaskiya ba, domin ba shi da abin kwatantawa. Ba ya kuma lura cewa a zurfi mai yawa ƙarin minti biyar a ƙasa yana iya jawo ƙarin zangon da ya fi minti biyar ɗin sosai. Ranar da fuskar kwamfutar ta ɗauke a mita 60, ga maye ga duhu, ba shi da madogara. Saboda irin wannan ne ƙungiyar masu nutso ta GUE, wadda Jarrod Jablonski ya kafa a 1998, ta daɗe tana horar da ɗalibanta da ma'aunin zurfi da agogo da shirin da aka haddace, don lissafin ya zauna a kansu.

Yadda ake rage haɗarin

Masu horarwa ba sa cewa a jefar da kwamfuta. Abin da suke koyarwa shi ne:

- A tsara nutson a tudu, a rubuta zango da mintoci a allon roba da ake ɗaurawa a hannu, tare da shirin abin da za a yi idan an zarce zurfi, ko lokaci, ko an rasa tukunya ɗaya.
- A auna iskar kowace tukunya, a rubuta iyakar zurfinta a jikinta da manyan lambobi.
- Kada a sauya iska sai abokin tafiya ya duba tukunyar da zurfin ya amince, sannan a danna wa kwamfuta.
- A ɗauki kwamfuta ta biyu ko ma'aunin zurfi da agogo. A tuna cewa kwamfuta biyu da aka ba lambar kuskure iri ɗaya za su yi kuskure tare.
- 'Yan tawaga su daidaita saitinsu, kuma kowa ya jira wanda zangonsa ya fi tsawo.
- Idan jiki ko kayan aiki ba su yi daidai ba, a fasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.
- Wanda ya ji alamar ciwon kumfa ya shaƙi oksijin ya nemi likita nan take, ko da kwamfutarsa ta ce komai lafiya.

Wannan darasi na fahimta ne kawai. Nutson fasaha ba a koyon sa sai a hannun ƙwararren mai horarwa, mataki-mataki.

Taƙaitawa

Kwamfutar nutso tana auna matsi da lokaci, sannan ta kintaci halin jiki da tsarin lissafi. Ba ta san lafiyar mai ita ba, ba ta san iskar da ke bakinsa ba sai ya faɗa mata, tsare-tsaren lissafinta sun saɓa wa juna, tana lalacewa, kuma ba ta ɗauke wa kowa nauyin tsara iska. Tunda mai nutson fasaha ba ya iya haurowa kai tsaye, dole shirin ya kasance a kansa da allonsa kafin ya shiga ruwa, kwamfuta ta zama mai taimako wajen aiwatar da shi.

Tambayoyi

1. Mene ne babban bambanci tsakanin nutson shaƙatawa da nutson fasaha?
2. Me ya sa ba a fito da Harrison Okene sarari kai tsaye ba?
3. Kawo abubuwa uku na jikin mai nutso da kwamfuta ba ta iya sani.
4. Me gwajin 2011 ya nuna game da zango mai zurfi?
5. Lissafa ƙarfin oksijin na iska mai kashi 32 a mita 40. Ya halatta a yi aiki da ita a wannan zurfi?
6. Wani yana shaƙar lita 25 a minti ɗaya a tudu. Lita nawa zai bukata don minti 20 a mita 50?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi na'ura ɗaya da ake dogaro da ita a wurin aikin ɗayanku, kamar ma'aunin hawan jini, ko taswirar waya, ko sikelin kasuwa. Ku rubuta abin da take aunawa da kanta, da abin da mutum ne ke faɗa mata, da matakin da za a ɗauka ranar da ta ba da lambar da ba daidai ba. Ku gabatar wa aji a zama na gaba.